Gurjin da Ya Rufe Mana Aji

Ba zan taɓa mantawa da azumin shekarar da kogi ya ƙi kawo ruwa ba, duk da na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Shekarar da aka canja kuɗi ce. Mutanen Haɗejiya suna tuna ta da fadamar da ta tsage, da shinkafar da ta bushe a tsaye, da masuntan da suka rataye tarunsu suka zauna zugum. Ni kuwa da gurji nake tuna ta. Zan faɗi abin bi da bi, domin ba na son labarin da ake farowa daga tsakiya.

Da farko, ni kaina. Aji huɗu na yi a firamare aka cire ni, amma aji huɗun nan na riƙe shi da hannu biyu. Ni ce mai jera ludayi bisa tsawonsu. Ni ce mai ranar wanki da ranar daka, kuma ba sa musaya ko da baƙi sun zo. Mijina, Malam Isa, malamin dabbobi ne, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa yi mini gardama a kan tsari ba (yanzu na gane gajiya ce, ba yarda ba). Mahaifiyarsa, Iya Fanna, mutuniyar wajen Birniwa, tana zaune tare da mu. Ita ta raɗa mini suna Malama, kuma ba don yabo ba.

Na biyu, ajin. A unguwarmu akwai ajin matan aure, a wani ɗaki da ke jikin gidan mai unguwa. Litinin da Laraba bayan azahar muke haɗuwa, mu goma sha bakwai. Malama Jummai, wata 'yar wajen Zariya, ita ke koya mana karatu da rubutu da ɗinki da girki. Ni da na riga na iya karatu, girkin nake zuwa wa, ina kwafe duk abin da ta rubuta a allo cikin wani littafi mai jan bango. Amma akwai waɗanda ajin ya fi musu girki. Hajara, matar wani mai bandar kifi, ɗanta soja ne, tun da aka gama yaƙi yana can kudu, sai wasiƙa. Duk wasiƙar da ta zo sai an kai wa mai rubutu a bakin kasuwa ya karanta, kafin yamma rabin gari ya san abin da ke ciki. Hajara so take ta karanta da kanta. Ta iya rubuta sunanta, ta fara haɗa baƙi, tana yi tana gumi kamar mai surfe.

Ana saura kwana kaɗan azumi aka yi wa Malama Jummai canjin wurin aiki zuwa Kano, aka kuma ce ba za a turo wata ba. Ta kira ni gefe ta ce za ta bar mini allo da alli da littattafai in ci gaba da ajin, muddin mai unguwa ya bar mana ɗakin.

Nan gizo yake saƙar. Mai unguwa Malam Bukar dattijo ne da bai taɓa son ajin ba. Cewa yake tun da aka buɗe shi tuwon unguwa ya daina fitowa a kan lokaci. Da Malam Isa ya kai masa maganar, sai ya ce, "To a kawo mana abin da ake koya musu mu gani a ciyayya. In abin kirki ne, ɗaki nasu ne. In shirme ne, ina da harawar da ba ta da wurin kwana."

Mazan unguwarmu a gindin wata bishiyar maina suke ciyayya, tsakanin ƙofar gidanmu da masallaci. Kowa ya fito da kwanon gidansa a buɗe a gaban kowa. Ba a cewa komai, amma duk macen da kwanonta ya dawo da saura ta san hukuncin da aka yanke.

Malama Jummai ta ce da ni, "Ki yi ƙosai mai kyau, ki buga shi sosai ya tashi, ki kai da zafinsa. Dattawa ba sa son a ba su mamaki da azumi a bakinsu."

Na ce mata ƙosai ai kowace mace ta iya, har wadda ba ta taɓa riƙe fensir ba. In dai gwaji ne, a gwada da abin da ba su taɓa gani ba. Na buɗe jan littafina na nuna mata darasi na goma sha huɗu: soyayyen gurji mai tsami da miyar dangwale. Sau ɗaya tak ta taɓa yi mana shi. Ita ma wata Baturiya ce ta koya musu a kwaleji. Ranar kowa yanki ɗaya ya samu, kuma gaskiya ya yi daɗi: waje ƙurus-ƙurus, ciki tsami mai wartsake baki. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Allah ya ba da sa'a." (Na ɗauka addu'a ce. Ta'aziyya ce tun da wuri.)

Lamba bakwai ne a darasin. A wanke gurji a yanka shi zagaye-zagaye. A tafasa ruwa da gishiri da ruwan kal, wato binigar, in babu a sa tsamiya da lemun tsami. A zuba a kan gurjin a rufe kwana uku, kada a buɗe. A tsame a shanya a ƙyalle. A tsoma a ƙullun fulawa da ƙwai. A soya. Ta bakwai ita ce miyar: kindirmo da tafarnuwa da barkono da gishiri, a dama, a sa a ƙaramin mazubi a riƙa dangwalawa.

Gurjin ma da ƙyar aka samo a shekarar nan. Malam Isa ya je allurar shanu wajen Kafin Hausa, wani manomi ya ba shi 'yan ƙanana guda goma sha biyu. Ruwan kal babu, to littafi ya ba da mafita. Matsalar gishiri ce. Farin gishiri ya yanke a kanti, motar da ke kawowa ba ta zo ba, wanda ya rage mana a gida kuwa bai cika tafin hannu ba, na miyar azumi ne. Sai idona ya faɗa kan mangul ɗin Iya, wani baƙin dunƙulen gishirin ƙasarsu da take ajiyewa a kusurwar ɗakinta.

"Malama, ina za ki kai mini mangul?"

"Gishiri nake nema, Iya."

"Wannan rabinsa kanwa ne. Awakina nake lasa wa. Kika haɗa shi da tsamiya kashe ta zai yi, ki tambayi duk mai miyar yakuwa."

"Littafi cewa ya yi gishiri, Iya. Bai ce wane iri ba."

"To littafin naki ya taɓa zuwa Birniwa?"

Na daka mangul, na auna cokali huɗu daidai kamar yadda aka rubuta, na zuba a ruwan tsamiya. Nan take ya yi wani kumfa ya taso har bakin tukunya, yana shuuu. Iya tana zaune a kan tabarma tana tsefe auduga, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Kin ji shi? Tsamin ne ke fita." Ni kuma na ce a raina ilimi ne ke aiki. Na zuba a kan gurjin cikin tukunyar ƙasa, na rufe da faifai, na ɗora dutse.

Ranar farko lafiya. Rana ta biyu da hantsi Iya ta leƙa madafa ta fito tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Malama, wani abu ya mutu a ɗakin nan."

"Bai mutu ba, Iya, nuna yake yi."

"To ki buɗe mu ga mai nunan."

"Lamba ta uku ta ce kada a buɗe."

Ta ce, "Ikon Allah," ta ja tabarmarta ta koma can gindin katanga. Zafin shekarar nan kuwa ba a magana. Hadari ya haɗu da rana, ya yi baƙi, ya watse ba ɗigo. Tukunyata tana kusurwa tana nata aikin, ƙudaje suna kewaya faifan kamar masu jiran rabo.

Rana ta uku, ran sha ɗaya ga azumi, bayan la'asar na ɗage dutse. Ba zan ɓoye ba, sai da na ja da baya. Gurjin da na zuba kore shar ya koma kalar tsohuwar tabarma, ya yi laushi, yana yauƙi a hannu. Na Malama Jummai ba haka yake ba, na sani sarai. Amma na tuna ta ce zai yi ɗan wari, na kama wannan kalmar na rataya a kanta.

Iya ba ta azumi a lokacin, tsufa da ciwon ciki sun sa sai dai a ciyar a madadinta. Ta matso da sandarta ta miƙo hannu.

"Ba ni ɗaya in taɓa miki a harshe."

Na san malamai sun yarda mai girki ta ɗanɗana a bakin harshe ta tofar. Ni ban taɓa yi ba, ina ganin sakaci ne, har ina yi wa masu yi kallon banza. To ga wadda ba ta azumi ta miƙo hannu kyauta. Abin da na ce mata shi ne, "A littafin babu lambar da ta ce a ɗanɗana." Abin da ban ce ba shi ne ina tsoron abin da za ta faɗa, domin na san gaskiya za ta faɗa, kuma babu sauran gurji, babu sauran kwana uku.

Ta janye hannunta. "Shi ke nan. Bakin mai unguwa ya fi nawa daraja, shi ya fara."

Na shanya, na kaɗa fulawa da ƙwan zabi uku, na juye sauran man gyaɗan da ke kwalba kaf a kasko. Abin takaicin, suyar ta yi kyau. Ban taɓa suya mai kyanta ba, kafin nan ko bayan nan. Kowane yanki ya kumbura ya yi ja-ja-ja, ƙamshin mai ya danne komai. Na jera su a sabon kwanon tasa, manya a ƙasa ƙanana a sama. Na dama kindirmo da tafarnuwa kai guda da barkono, na ƙara mangul (eh, na ƙara), na zuba a 'yar ƙwarya mai tsabta, irin wadda ake ba baƙo nono a ciki. Ƙaramin mazubi littafi ya ce, ita ce kuwa ƙaramin mazubin da nake da shi.

Sannan na yagi takarda na rubuta wa dattawan unguwa yadda za su ci. Ɗaya, a ɗauki yanki guda. Biyu, a dangwala a miya. Uku, a ci. Na ba Malam Isa na ce ya karanta musu kafin a buɗe kwano.

Ya dubi takardar, ya dube ni. "Malama, dattawa ne fa. Sun girmi ubana. Sun san yadda ake cin abinci."

"Wannan ba su sani ba."

Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ɗauki kwano da ƙwarya ya fita. Daga yadda ya ninke ta na san ba za ta fito ba.

Ƙyauren zaurenmu na kwano ne, akwai hujin ƙusa a jikinsa daidai tsayin idona. Ban taɓa leƙe ba a rayuwata, ina ma yi wa masu yi faɗa. Ranar na tsaya na manna ido, kofin ruwana a hannu. Aka kira salla, na kurɓa ban ma san na kurɓa ba. Ina ganin su a kan tabarmi, su wajen goma, mai unguwa a tsakiya da farin rawaninsa. Suka ci dabino, suka sha ruwa. Aka fara buɗe kwanuka. Da aka zo kan nawa sai na ji wani ya ce, "Kai, masha Allah, wannan ƙosai ya sha mai." Zuciyata ta yi fari. Daƙiƙa nawa ne ma? Ba su fi biyar ba, amma na ji daɗinsu.

Mai unguwa ya zaɓi babba daga ƙasa, ya yi bisimilla, ya jefa duka a baki.

Ya tauna sau ɗaya. Ya tsaya. Na ga gemunsa ya daina motsi, idanunsa suka kawo ruwa. Dattijo ne mai kunya, ba zai tofar da abinci a gaban jama'a ba, balle abincin gidan maƙwabci. Ya runtse ido ya haɗiye. Sannan ya laluba da sauri yana neman abin da zai kora, hannunsa ya faɗa kan 'yar ƙwaryata. Farin kindirmo a ƙwarya, a gaban mai azumi. Me zai yi da shi in ba sha ba? Ya ɗaga da hannu biyu ya kafa kai.

Nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai na rufe fuska ko ni kaɗai ce a ɗaki. Ni da muryata ba ta taɓa wuce tsakar gida ba, ni da nake cewa mace ta san inda maganarta za ta tsaya, na buɗe baki daga bayan ƙyaure na ƙwala da ƙarfi:

"Ba sha ake yi ba! Dangwalawa ake yi! Lamba ta biyu!"

Kowa ya juyo ya dubi ƙyaurenmu, daidai hujin da idona yake. Mai unguwa ya sauke ƙwarya, tari ya sarƙe shi, tafarnuwa da barkono da kanwa suna fita ta hancinsa, liman yana bubbuga masa baya. Malam Isa ya sunkuyar da kai har hularsa ta kusa faɗuwa. Da dariya suka yi da ya fi mini sauƙi. Babu wanda ya yi. Da tarin ya lafa, mai unguwa ya share gemu da hannun riga, ya ce cikin shaƙaƙƙiyar murya, a hankali:

"Malam Isa, ashe ajin har da mu?"

Aka tashi aka yi salla.

Bayan an idar Malam Isa ya shigo da kwanon. Guda ɗaya kawai aka ci a ciki. Ya ajiye a gabana bai dube ni ba, ya ce, "Mai unguwa ya ce a gaishe ki da aiki. Ya ce ki taɓa ki ji, tun da yanzu an sha ruwa." Ya shige ɗakinsa. Takardar tana aljihunsa, washegari na same ta wajen wanki.

Na ɗauki ɗaya na ciza. Ba tsami ko kaɗan, kanwa ta cinye shi tun ranar farko kamar yadda aka gaya mini. Abin da ke ciki ruɓaɓɓen gurji ne mai ɗaci, mai yauƙi, mai ɗumi, yana warin kwatar da ta kwana uku. Na ruga bayan ɗaki. Dattijon nan ya haɗiye wannan don kada ya kunyata mijina, ni kuma na saka masa da tsawa daga bayan ƙofa.

Da na dawo na tarar da Iya zaune gaban kwanon. Na tsaya ina jiran ta faɗi nata, tana kuwa bi na bashin faɗa. Sai ta ɗauki guda, ta ɓare fulawar bayan kawai, ta sa a baki ta mamula da sauran haƙoranta. Ta ce, "Fulawar dai ta soyu." Ta turo mini kwanon kununta. "Sha, tun asuba ba ki sa komai a ciki ba." Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta bar duniya. Wannan shirun ya fi mini duk wani faɗa zafi.

Kafin ƙaramar salla aka loda harawa a ɗakin ajin. Ina gani aka fito da allon aka jingine a katanga, rana ta yi ta dukansa har ya tsage. Malama Jummai ta tafi Kano, ta aiko mini da kwalin alli ba tare da saƙo ba. Na ce wa matan su riƙa zuwa gidanmu, amma maza sun riga sun ji abin da aji ke koya wa mace: ta ruɓar da abinci, ta kuma yi wa mai unguwa gyara a bainar jama'a. Ba a bar ko ɗaya ta zo ba. A wajen biki da suna kuwa, in na miƙa hannu cikin kwano sai wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Malama, lamba ta nawa muke?" Wannan na jure, domin na saya da hannuna.

Abin da ban iya jurewa ba Hajara ce. Bayan salla da mako biyu ta yi sallama da hantsi, mayafinta yana warin hayaƙin banda, ta ciro wasiƙa daga ƙugu. Ba ta ambaci gurji ba, ba ta ambaci aji ba. Ta ce, "Malama, gara ke da mutumin kasuwa. Ke ba kya yawo da magana." Na karanta mata. Tana bin layin da yatsa, in ta ga baƙin da ta sani sai ta faɗe shi a hankali, ta dube ni ko daidai ne. Na ce ta riƙa tsayawa in ƙara mata ko na rabin awa ne. Ta ce maigidan ya ce karanta wasiƙa kawai aka yarda, ta ji ta dawo. Shekara shida ina karanta mata wasiƙun ɗanta. A farko tana gane baƙi goma sha wani abu. A ƙarshe ta daina sa yatsa, sai ta zuba wa bakina ido kawai.

Jan littafin yana nan a ƙasan adakata, bangonsa ya koɗe. Ban sake yin darasi na goma sha huɗu ba, gurji ma sai dai in yanka shi ɗanye in barbaɗa ƙuli kamar kowa. Amma ban yage shafin ba. Abin da na yi, tsakanin lamba ta huɗu da ta biyar, na matsa da fensir na rubuta ƙanana: huɗu da rabi, a ba Iya ta ɗanɗana. Ya ɓata mini jerin lambobin, kuma duk sanda na buɗe sai ya tsaya mini a ido. Iya ta rasu shekara biyu bayan azumin nan, ban kuwa samu girkin da zan cika wannan lambar a kansa ba sai kunun jinyarta. Shi ma da ta kurɓa cewa ta yi tsamiyar ta yi yawa. Ban duba littafi ba. Na ƙara ruwa.